Neman kalmar Hausa: me za mu kira numfashin da bai wadatar ba?

1. Assalamu alaikum malamai da ma'aikatan lafiya na Katsina da Daura. Ina roƙon mu tsayar da kalma guda ga yanayin da likitoci ke kira haifobentileshan, wato mutum ya riƙa numfashi a hankali ainun, ko kuma iskar da yake shaƙa ba ta shiga huhu sosai, har iskar kabon, wato gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ta numfashi, ta taru a jininsa. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda idan yana hutawa.

2. An kawo mini "haki" da "sarƙewar numfashi", kuma ban yarda da ko ɗaya ba, domin duka biyun suna nuna wanda yake fafutukar neman iska ne, kowa yana ganinsa. Mai wannan matsala kuwa sau da yawa yana kwance shiru, iyalinsa suna zaton barci yake yi, alhali jininsa yana lalacewa. Kalmar da za ta sa uwa ta jira ganin haki kafin ta nufi asibiti tana da haɗari. "Ɗaukewar numfashi" ita ma ta zarce, don numfashin bai tsaya ba.

3. Musabbaban wannan matsala su ne suka nuna mini hanya. Tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigowa da shi a 2018, suna dakushe sashen ƙwaƙwalwar da ke ba da umarnin numfashi, musamman idan an haɗa su da ƙwayoyin barci, abin da ya kamata ya tayar mana da hankali saboda matasanmu. Buguwa a kai da shanyewar ɓarin jiki suna iya taɓa wannan sashen. Shan inna da dafin wasu macizai suna kashe ƙarfin tsokar ƙirji, ƙiba mai yawa da ƙusumbi suna hana ƙirjin buɗewa, hayaƙin taba da na itacen girki kuma suna lalata huhu a tsawon shekaru.

4. Saboda haka na zaɓi "raunin numfashi", domin a kowane hali numfashin yana nan, ƙarfinsa ne ya gaza. Ina fatan malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za su duba, su faɗa mana ko mai jinya daga ƙauye zai fahimce ta ba tare da dogon bayani ba.