Maki 238 da burin zama likita: shin shiga ta Fisiyoloji dabara ce?

Baban Khadija: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu maki 238 cikin 400 a jarrabawar JAMB ta bana, kuma karatun likita ta cike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Tun ranar da sakamakon ya shigo wayarta ba ta cin abincin kirki, domin ta sa rai da abin da ya haura 280. Kawunta ya ce mu gaggauta canza mata kwas zuwa Fisiyoloji (nazarin yadda sassan jiki ke aiki) ko Anatomi (nazarin tsarin ginin jiki), wai tunda darussan aji ɗaya kusan iri ɗaya ne da na masu MBBS, wato digirin likitanci, idan ta yi ƙoƙari za a mayar da ita ɓangaren likitanci a aji biyu, kuma a cewarsa wannan hanya ta fi sake zama jarrabawa tabbas. Ina neman ra'ayin waɗanda suka san harkar kafin mu je cibiyar JAMB.

Malam Na Kimiyya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Da kawun nata cewa ya yi hakan yana yiwuwa, da ban musa ba, amma cewa ya fi tabbas kuskure ne. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, MDCN, ita ke yanke wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitin koyarwarta. Su kuwa kujerun aji biyu sun riga sun samu masu su, wato waɗanda suka haye daga aji ɗaya na MBBS da waɗanda suka shigo kai tsaye da sakamakon IJMB ko JUPEB (shirye-shiryen share fagen shiga jami'a) ko digiri. Mai son tsallakowa daga Fisiyoloji ragowa yake jira, idan jami'ar ma ta yarda da tsallakowar a shekarar, kuma ba shi kaɗai ke jiranta ba, domin da yawa cikin 'yan ajin nasa da wannan niyyar suka shigo.

Maman Iman: Malam, ku yi mini afuwa, amma ɗan yayata ta wannan hanyar ya bi, kuma yanzu haka yana aji biyar. Ku maza kuna ƙirga shekara ɗaya kamar ba komai ba ce. Yarinyar da ta zauna a gida shekara guda, dangi ne za su fara kawo maganar aure, ita ma karatun ya fara sanyi a zuciyarta. A ganina gara ta sa ƙafa a jami'a tukuna, tana ciki tana neman hanya.

Tsohon Ɗalibin Fisiyoloji: Hajiya, ina taya ɗan yayarku murna, amma ni ne ɗaya ɓangaren labarin, kuma irina ba su cika ba da nasu ba. Da wannan alkawarin na karɓi Fisiyoloji a wata jami'a da ba zan ambata ba. Na gama aji ɗaya da sakamako mai kyau, na sayi takardar neman canjin sashe, na yi ta yawo da ita cikin ambulan daga ofishin shugaban sashe zuwa na shugaban tsangaya har gefenta ya yi laushi, sannan wata safiya aka liƙa sanarwa a allo cewa a zangon nan babu canji zuwa likitanci ga kowa. Da na koma ɗakin gwaji na Anatomi, inda muke haɗuwa da 'yan MBBS, sai na ji kamar baƙo ne ni a karatun da nake yi, kuma haka na ƙarasa shekara huɗu. Lissafin da ban yi ba tun farko shi ne wannan: wanda ya gama digirin shekara huɗu sannan ya samu shiga aji biyu na likitanci zai ƙara shekara biyar, ya zama tara, alhali wanda ya jira shekara ɗaya ya sake JAMB ya yi shekara shida, bakwai ke nan.

Maman Iman: Wannan lissafin ya ɗauka cewa za ta ci idan ta sake. A 2025 fiye da ɗalibai miliyan ɗaya da rabi ne suka samu ƙasa da 200 cikin kusan miliyan biyu da suka zauna. Wa ya ba ku tabbacin cewa 238 ba zai koma 220 ba?

Dakta Daga Sakkwato: Tambayar Hajiya tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin takardar sakamakon, wadda har yanzu ba wanda ya nemi a karanto mana. Alhaji, ku duba yadda makin ya rabu tsakanin Ingilishi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Idan ta haura 65 a uku, Fizis ne ya ja ta ƙasa zuwa talatin da wani abu, to ciwon yana wuri ɗaya, kuma wata takwas tare da malami nagari da yawan gwaji a kan kwamfuta na iya warkar da shi, domin tambaya 180 cikin awa biyu tana kayar da mai ilimin da bai saba da saurin ba. Idan kuwa duka huɗun suna wajen sittin sittin ne, ɗaga su gaba ɗaya aiki ne babba.

Sannan ina ganin an ƙuntata muhawarar, kamar dai zaɓin Fisiyoloji a Zariya ne ko zaman gida. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, saboda haka maki ɗaya yana iya faɗuwa a wata jami'a ya tsaya a wata, gwargwadon jihar ɗalibi. Zariya da Bayero kowa can yake turuwa. Akwai likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da ta Maiduguri, da ta Tarayya da ke Dutse, da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da sabuwar jami'ar kimiyyar lafiya ta Azare, ga kuma na jihohi irin su Gombe da Kaduna, waɗanda ke fifita 'yan jiharsu. Ban ce 238 zai wadatar a ɗayansu ba, domin likitanci ko'ina zafi gare shi, amma canza jami'a ya cancanci bincike kafin canza kwas. A tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai makin da suka tsaya a kansa bara, da yadda suke haɗa shi da jarrabawarsu ta tantancewa, a kuma tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin waɗanda MDCN ta amince da su.

Ɗan Kasuwar Kwari: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma me zai hana a kai ta waje, tunda can ba ruwansu da JAMB?

Malam Na Kimiyya: Alhaji, Sudan ce mafakar yaranmu a da, kuma kowa ya ga yadda aka kwaso su ta iyakar Masar bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wasu suna ajin ƙarshe. Masar da sauran wurare suna nan, amma da dala ake biya, kuma duk wanda ya dawo sai ya ci jarrabawar MDCN kafin a ba shi lasisin taɓa majiyyaci.

Baban Khadija: Na ɗauko takardar. Ingilishi 64, Bayoloji 71, Kimistiri 66, Fizis 37. Jiharmu Jigawa ce. Na karanta mata maganganunku, ta ce Fizis ɗin ba ta kai ƙarshen tambayoyin ba lokaci ya ƙare, kuma ba ta son Fisiyoloji ko kaɗan.

Maman Iman: To Alhaji, ku fara bincikar Dutse kafin a rufe canjin jami'a. Amma ina nan kan bakana cewa kada a bar ta zaune a gida. Idan likitancin bai samu bana ba, a sa ta IJMB, ta yadda za ta riƙa fita karatu kullum, Fizis ɗin ma ya ƙara zama, sannan ta sake cike JAMB idan an buɗe.