Kaɗewa ko fashewa: wane suna za mu ba mutuwar ƙwayoyin guringuntsi bayan dashe?

1/ 'Yan uwa masu rubutun lafiya da Hausa, akwai kalmar da nake so mu raɗa mata suna: apoptosis, wato wata irin mutuwar ƙwayar halitta da jiki ke tsarawa da kansa. Inda rashinta ya fi damuna shi ne bayanin aikin gyaran guringuntsin gwiwa.

2/ Guringuntsin da ke kan ƙashi a gaɓa ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓa yake samun abinci. Shi ya sa in ya ɓantare ba ya cikowa. A 1987, a birnin Gothenburg na Suwidin, Dakta Lars Peterson da abokan aikinsa suka fara wata dabara: a yanko ɗan guringuntsi daga gefen gwiwar majiyyaci, inda nauyi ba ya sauka sosai, a ware ƙwayoyin halittarsa, a rene su a ɗakin gwaji mako biyu zuwa uku har su yawaita, sannan a zuba su a gurbin da ya ɓantare, a rufe da tantanin da aka ɓaro daga ƙashin ƙauri. A 1994 suka buga sakamakon mutum 23.

3/ To, ba duk ƙwayar da aka dasa ke rayuwa ba, haka ma na bakin gurbin. Mutuwar kuma iri biyu ce. Wadda wuƙa ko allurar ɗinki ta ratsa, kumbura take yi ta tsage, abin cikinta ya malale. Likitoci na ce wa wannan necrosis. Ɗayar kuwa ƙarfe bai taɓa ta ba. Ta dai rasa shimfiɗar da ta saba mannewa a kai, ko sinadaran kumburi sun matsa mata, sai ta tsuke, ta daddatse ƙwayar gadonta, ta ƙulle sauran ƙunshi-ƙunshi. Ita ce apoptosis ɗin da muke nema wa suna.

4/ Bambancin ba ƙarami ba ne. Ta biyun daki-daki take tafiya, tana ɗaukar sa'o'i har kwanaki, don haka masu bincike ke neman hanyar tare ta. In muka ce wa duka biyun "mutuwa" kawai, mai karatu ba zai gane cewa akwai wadda ake fatan cetowa ba.

5/ Turawa kan yi mata laƙabi da kashe kai. Ban yarda mu ɗauko shi ba. A wurinmu kashe kai babban laifi ne, alhali wannan aiki ne na lafiyayyen jiki, da shi yatsun ɗan tayi ke rabuwa a ciki. "Mutuwar ajali" ma ba ta yi ba, don kowace mutuwa da ajalinta. "Tsararriyar mutuwa" ta kusa, sai dai akwai wasu mace-macen ƙwaya masu tsari ban da wannan.

6/ Shawarata: kaɗewa. Masu bincike Kerr da Wyllie da Currie, da suka fito da kalmar apoptosis a birnin Aberdeen na Scotland a 1972, daga Girkanci suka aro ta, ma'anarta zubar ganye daga itace. Mu ma haka muke cewa, ganye ya kaɗe. Ba wanda ya tsinke shi, itacen ne ya sake shi. Kuma tana zama a jimla: "Ƙwayoyin da wuƙa ta samu sun fashe, na kusa da su sun kaɗe daga baya." Ke nan necrosis ta zama fashewa.

7/ Na san wani zai ce ta yi kusa da kaɗuwa, wato firgici. A baki ba sa rikicewa, a rubutu ne sai an kula da harafi ɗaya. Malaman asibiti da na sashen Hausa, ku gwada jimlar nan a kan wanda bai yi boko ba, ku faɗa mana abin da ya fahimta.