Malaminmu ya sa na tsani kwas ɗin da na fi so

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Ina aji biyu a jami'a, akwai kwas ɗin da na fi ƙauna, amma malamin ba a gane inda ya dosa: yau fara'a, gobe fuska a murtuke. Makon jiya na ɗaga hannu na yi tambaya, ya ajiye makar rubutun allo, ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa ya ba ni gurbin karatu. Aji ya kwashe da dariya. Tun ranar na koma kujerar baya. Yana bayani, ni bugun zuciyata kawai nake ji, ko littafin na kasa buɗewa. Ya zan yi?

Wata mamba: Wayyo 'yar uwa, sannu. Don Allah kar ki daina zuwa lakca, ke za ki cutu. Ki nemi mutum biyu ku riƙa bita tare.

Wani malamin jami'a: Ƙanwata, ba daƙiƙanci ba ne ke damunki. Idan tsoro ya kama mutum, jiki na sakin sinadaran adirenalin da kotisol, hankali ya koma kan tsare kai, ƙwaƙwalwa ta kasa riƙe sabon abu. Ɗan matsi kan zaburar da ɗalibi, amma dizgi a gaban jama'a kashe gwiwa yake yi. Ni kaina ranar da na shiga aji rai a ɓace, hannu ɗaya ba na gani a sama, sai kawuna a sunkuye kan waya. Yanayin malami naso yake yi kamar mura, kuma wanda bai tambaya ba yau, gobe ba zai karanta ba. Ki rubuta tambayarki a takarda, ki same shi a ofis tare da ƙawarki. Da yawanmu mun fi sauƙin kai idan ba idon aji.

Wani mamba: Malam, da girmanka, ban yarda nauyin duka ya koma kanta ba. Idan ya maimaita, ku haɗu da wakilin aji ku rubuta wa shugaban sashe, da ranaku da abin da ya faɗa. Kar ki sa hannu ke kaɗai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Jibi muke da shi, zan dawo layi na uku. Ofishin ne har yanzu gabana ke faɗuwa, amma ƙawata ta ce za ta raka ni.