"Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba": ta hau kan masu kewar tsofaffin wuraren hira?

Malam Mai Alli:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Karin maganar da na kawo mana a wannan makon ita ce "Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." Na ɗauko ta ne saboda yadda ake jifan mutane da ita. Da zarar an tayar da zancen wani gidan sinima da ya koma sito, ko shagon hayar kaset da aka rushe, ko dandalin da samari ke cika da yamma shekara talatin ko arba'in da suka wuce, sai manya su yi caa, kowa na faɗin wanda ya sani a wurin da irin abin da aka yi. Ana cikin haka wani zai zo ya datse hirar da wannan karin magana. To a mazauninta ake ajiye ta, ko an ɗora mata kayan da ba nata ba?

Ɗan Bana:
Wa alaikumus salam Malam. Ni a wurina ta zauna daram. Wanda harkarsa ke tafiya ina ya ga lokacin lissafa gine-ginen da aka rushe? Kuma a yi mini afuwa, galibin wuraren nan ba annoba ce ta kashe su ba, masu kukan ne da kansu suka ɗauke ƙafa. Ku duba kamfanin hayar finafinai na Blockbuster. A 2004 yana da shaguna sama da 9,000, a 2010 ya karye, yau saura guda ɗaya tak a garin Bend na jihar Oregon a Amurka. Wa ya kashe shi? Mutanen da suka ga gara a aiko musu da faifai har gida, daga baya kuma suka koma kallo ta intanet. Yanzu su ne ke yin tattaki zuwa Bend don ɗaukar hoto a ƙofar shagon. Haka sinimomin da ake kallo daga cikin mota: sun haura 4,000 a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, yau 'yan ɗaruruwa suka rage. Ka juya wa abu baya, sannan ka zo kana karɓar gaisuwarsa?

Kawu Dattijo:
Ɗana, bi a hankali. Ka kawo alƙaluma masu kyau, amma ka riƙe karin maganar ta wajen kaifi. Yadda muka taso muka ji manya na faɗinta, ba gori ba ce. Magana ce ta mai lura. Manomin da rumbunsa ya cika bana ba ya zancen damunar bara, wanda gonarsa ta ƙi shi ne ke yi. Don haka in ka ji mutum ya dage da "a da kaza, a da kaza", sai ka gane akwai inda yau ke yi masa ciwo. Sau da yawa ma mutum kansa yake faɗa wa: ya gama ba da labarin da, ya yi ajiyar zuciya, ya ce "to, kowa ya tuna bara…" ya bar ta nan, kowa ya fahimta. In kuwa ka yarda gaskiya ta faɗa, ai abin da ya kamace ka shi ne ka tambayi mai kewar me ya rasa a banarsa. Ku kuma kun mai da ita abin toshe baki.

Uwar Biyu:
Kawu, tsakaninka da Ɗan Bana ni ban bi bayan kowa ba, domin ku biyun kun haɗu a kan cewa mai tuna baya yana cikin wani hali. Ni alhamdulillahi ina jin daɗin banata, ba na fatan a mayar da ni shekarun da ba ni da ko sisi. Duk da haka in na bi ta inda muke haɗuwa da ƙawaye bayan an tashi makaranta na ga an kafa bene, sai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Karin maganar da ta dace da wannan ita ce "Sabo ake wa kuka, ba mutuwa ba." Ginin bai dame ni ba. Abin da na rasa shi ne wurin da zan je ba tare da na yi alkawari da kowa ba, kuma na tabbata zan tarar da wanda na sani. Yau in kana son ganin mutum uku sai an yi mako ana kiran waya ana ɗagawa.

Ɗan Bana:
Yaya, ai akwai "Sabo turken wawa" ma.

Uwar Biyu:
Akwai, ƙanena. Waccan ta wanda sabo ya hana shi motsi ce. Ni na motsa, har na haifi biyu.

Ɗalibar Halayya:
Ku ba ni dama in sa baki da ɗan abin da muke karantawa, don masu binciken halayyar ɗan Adam sun taɓa wannan batu, kuma kowa a nan zai samu rabonsa.

Na farko, Kawu yana da hujja. Wasu masana a Jami'ar Southampton ta Ingila, cikinsu har da Tim Wildschut da Constantine Sedikides, sun wallafa bincike a 2006 inda suka tambayi mutane abin da ke tayar musu da kewar zamanin da. Amsar da ta fi yawa ita ce ɓacin rai, kuma a cikin nau'o'insa kaɗaici ne kan gaba. Sai dai binciken bai tsaya nan ba: bayan mutum ya yi wannan tunanin, yakan ji hankalinsa ya kwanta, ya ji yana da mutane. Ke nan wanda ya datse wa dattijo hirar tsohuwar majalisarsu ya ƙwace masa abin da yake rarrashin kansa da shi.

Na biyu, Ɗan Bana ma bai tashi a banza ba. A 1997 Terence Mitchell da Leigh Thompson da abokan aikinsu sun bibiyi mutanen da suka yi tafiye-tafiyen hutu, ciki har da masu yawon keke na mako uku a Kalifoniya. Ana cikin tafiyar suna ƙorafin ruwan sama da gajiya da abokan tafiya, amma da aka dawo aka sake tambayarsu sai suka ba ta maki fiye da yadda suka ba ta a lokacin. Ƙwaƙwalwa tana tace abu. Sannan an daɗe da lura cewa in aka ce wa wanda ya manyanta ya tuno rayuwarsa, abubuwan da suka faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 ne suka fi zuwa masa. Shi ya sa kowane tsara ke rantsuwa cewa birni ya fi daɗi a daidai lokacin da su suke samari. Mai shekara saba'in da mai hamsin za su yi ta musu a kan wane zamani ne na zinariya, alhali kowa ƙuruciyarsa yake yabo.

Inna Mai Carbi:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da ke raina. A wannan tacewar har da mutane ake zubarwa. Duk wurin da ake wa kuka yau, akwai wanda aka hana shiga, akwai wanda ba shi da kuɗin tikiti yana leƙe ta katanga, akwai maƙwabtan da hayaniya ta hana barci suka yi murna ranar da aka rufe. Ba a jin su a hirar tuna baya.

Baƙon Zaure:
Na daɗe ina karatu ban tanka ba, amma akwai inda nake ganin faɗin wannan karin magana zalunci ne tsagwaro. Ɗan Bana ya yi zancen wuraren da mutane suka bari da kansu. Wasu fa ƙwace su aka yi. Unguwar Sophiatown a Johannesburg ta yi suna da makaɗan jaz da marubuta da gidan sinima na Odin, kuma tana cikin 'yan wuraren da baƙar fata ke iya mallakar fili a birnin. Ranar 9 ga Fabrairu 1955 gwamnatin wariyar launin fata ta turo 'yan sanda kimanin 2,000 aka fara kwashe mutane zuwa Meadowlands a Soweto. Aka bi gidajen da buldoza, aka gina wa Turawa unguwa a wurin, aka sa mata suna Triomf. Cocin Christ the King na cikin 'yan gine-ginen da suka tsira. Sai a 2006 aka mayar wa unguwar sunanta. Yanzu tsohon da aka ɗora a mota ran nan yana yaro, in ya zauna yana lissafa titunan da wuraren da ake kiɗa, wa zai iya kallon idonsa ya ce masa bai ji daɗin bana ba? Shaida yake bayarwa. Kuma da irinsa sun yi shiru, da sunan bai dawo ba.

Ba sai an je nesa haka ba. A birane da yawa ana rushe wurin taruwar talakawa don faɗaɗa titi ko don haya ta fi ƙarfin mai wurin, ba don mutane sun gaji da shi ba.

Ɗan Bana:
Wannan daban, kuma ba zan faɗa wa irin wannan tsohon ba. Amma mu bar tafiya Afirka ta Kudu don kare mai kukan shagon kaset. Ga wani misalin. Gidan rawa na Cavern a birnin Liverpool, inda mawaƙan nan na Beatles suka yi wasa kusan sau 300 tsakanin 1961 da 1963, an rufe shi a 1973 saboda aikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, aka cike ramin da ɓaraguzai. A 1984 aka sake gina shi a titin nan dai, har da tubalan tsohon ginin. An mayar wa masu kuka abinsu ke nan. Su wa ke cika shi yau? 'Yan yawon buɗe ido. Ni karin maganar da na ga ta hau nan ita ce "Tuna baya shi ne roƙo": maroƙi ya tuno maka kakanka don ka sa hannu a aljihu, ɗan kasuwa ya gina maka ƙuruciyarka ya tsaya a ƙofa yana karɓar kuɗi.

Uwar Biyu:
Ai misalin nan naka ni ya taimaka. An dawo da tubali, ba a dawo da mutanen ba, shi ya sa bai zama wurin da ba. Maganata ke nan tun farko.

Malam Mai Alli:
Ba wanda ya ambaci "Waiwaye adon tafiya", ga shi kuwa ita ake yawan mayar wa mai jifa da ta bara da bana. Ni ina ganin ba sa karo da juna. Ta waiwaye tana magana a kan mai tafiya da ya juya ya duba, ta bara da bana kuma a kan wanda bana ta tsaya masa. Matsalar ita ce daga waje ba ka iya bambance su, duka biyun labarin sinima ɗaya za su ba ka.

Ɗan Bana:
To ga gwaji, Malam. A ce gobe an buɗe muku sinimar nan yadda take, da bencinta mai tauri da zafi da layin tikiti da fim na tsinkewa ana ihu. Kawu, tsakaninka da Allah, za ka je?

Kawu Dattijo:
Daren farko da ni za a buɗe ƙofa. Dare na biyu bayana ba zai yarda ba, kuma jikokina sun koya mini kallo a waya ina kishingiɗe. Wannan na ba ka. Abin da ban ba ka ba shi ne izinin faɗa mini karin maganar. Sa'ana zai iya jifana da ita mu yi dariya, don shi ma an rushe masa nasa wurin. Ni ma zan iya faɗa wa kaina. Kai kuwa, ɗana, ka jira tukuna a mai da shagon intanet ɗin da ka buɗe Facebook ɗinka na farko wurin sayar da taya, sannan ka zo mu yi zancen wanda ta hau kansa.