"Laifi tudu ne": ya zauna a kan Japan da Amurka kuwa?

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya ina koyar da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, na ce wa yara duk 6 ga Agusta Japanawa kan taru a Hiroshima su tuna bam ɗin da Amurka ta jefa musu a 1945, wanda ya ci rai kusan 140,000 kafin shekarar ta fita. Amurka kuwa tata ranar ita ce 7 ga Disamba, ranar harin Pearl Harbor na 1941, inda jiragen Japan suka kashe mata mutum sama da 2,400. Sai wata yarinya daga bencin baya ta ce, "Malam, ashe laifi tudu ne." Na yi dariya, amma da maganar na kwana. Karin ya zauna a nan?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Ya zauna daram, Malam. A 1995 gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian da ke Washington ya shirya baje jirgin da ya jefa bam ɗin, Enola Gay, haɗe da hotunan waɗanda suka ƙone. Tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka yi ca a kai, aka soke shirin, shugaban gidan ya ajiye aiki. A Japan kuma wani masanin tarihi, Saburo Ienaga, shekara 32 ya yi yana shari'a da gwamnati, daga 1965 zuwa 1997, don ta tace abin da ya rubuta a littafin makaranta kan ta'asar sojojinsu. Kowa ya hau nasa yana hango na wani.

Goggon Yara: Ɗana, gyara kaɗan. Mu "taka naka" muka ji a bakin iyaye, ba "hau" ba. Kuma akwai bambanci. Wanda ya hau tudu ya san da tudun. Wanda ya taka, ƙafarsa ce ta rufe shi, ko ya sunkuya ba zai gani ba.

Ɗan Damagaram: Goggo, a wajenmu duka biyun ana faɗa, amma na karɓi gyara.

Bakano a Kumasi: Ni dai ban ga tudu biyu ba. Wa ya fara? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Japan ta shiga Sin, ta yi abin da ta yi a Nanjing a Disambar 1937, kotun Tokiyo da ta yi wa shugabannin Japan shari'a bayan yaƙi ma ta ce waɗanda aka kashe sun haura 200,000, Sinawa na cewa 300,000. Sannan ta je ta tsokano Amurka. Ka haɗa wanda ya tsokana da wanda ya rama a kari ɗaya, ai ka zalunci karin.

Goggon Yara: To wane tsuntsun ruwan ya doka? Daren 10 ga Maris 1945 aka yi wa Tokiyo ruwan wuta, gidajen katako da takarda, mutum kusan 100,000 suka tafi kafin gari ya waye. Mata ne da goyo da tsofaffi. Sarki Hirohito da aka yi yaƙin da sunansa ko kotu bai taka ba, yana kan gado har 1989. Tsuntsun yana cikin sheƙa, 'yan tsaki ne suka jiƙe.

Bakano a Kumasi: An dai rataye Tojo, firaministan Japan na lokacin yaƙi, da wasu shida a 1948, Hajiya.

Jikar Ɗan Boma: Ku yi mini uzuri, ƙaramar cikinku ce. Kakana ya yi yaƙin Boma a rundunar Afirka ta Yamma ta Ingila, da Japanawa suka gwabza a daji. Lambarsa na cikin wani gwangwanin alewa tare da carbinsa, bai taɓa maƙala ta ba. In muka matsa masa da tambaya, sai ya ɗage wando ya nuna mana tabon matsattsaku a ƙwauri, ya ce mu je mu ɗebo masa ruwan alwala.

Abin da ke damuna da wannan kari shi ne mutum biyu kacal ke cikinsa, mai hange da wanda ake hangowa. Ina waɗanda tudun ya danne? Matan Koriya da aka kwasa aka kai wa sojoji, mutanen Nanjing, Filifinawa. In Bakoriya ta ce a ba ta haƙuri, wani ya ce mata "laifi tudu ne, ai mu ma an yi mana Hiroshima", ya mayar da karin murfin rufe bakinta. Ba ita ta jefa bam ba. A ganina ana faɗa wa mai laifin da ke zargin wani ne, ba a faɗa wa wanda aka cuta.

Ɗan Damagaram: Ƙanwata, Japan fa ta nemi gafara. Firaminista Murayama ya fito ranar 15 ga Agusta 1995 ya amsa cewa mulkin mallaka da mamayar da suka yi sun cuci mutanen Asiya, ya ba da haƙuri. Amurka har yau ba ta ba da haƙurin bam ba. Obama ya je Hiroshima a Mayun 2016, ya rungumi wani tsoho da ya tsira, amma kalmar ba ta fito ba.

Jikar Ɗan Boma: Haka ne Yaya. Shi ma Firaminista Abe na Japan da ya je Pearl Harbor a Disambar shekarar bai ba da ba. Kuma tun 1978 aka shigar da sunayen manyan masu laifin yaƙi 14 wurin ibadar Yasukuni, ministoci na ci gaba da zuwa. Maƙwabta tuban muzuru suke gani, kaza a baki.

Malamin Tarihi: Bari in ƙara dagula muku lissafi. Akwai inda tudun ɗaya ne, su biyun suka tsaya a kai kafaɗa da kafaɗa. Runduna ta 731 ta Japan ta riƙa gwada ƙwayoyin cuta a jikin fursunoni masu rai a Manchuriya. Bayan yaƙi Amurka ta karɓi bayanan gwajin, ta bar shugaban rundunar, Shiro Ishii, ba shari'a. Janar Curtis LeMay kuma, wanda ya jagoranci ƙona Tokiyo, gwamnatin Japan da kanta ta ba shi lambar girma a 1964. Nan ba hange ake ba, rufa ni in rufa ka ne.

Sai wani abu da malaman Hausa za su so. Rubutun da ke jikin dutsen tunawa a Hiroshima cewa yake a kwanta lafiya, ba za a maimaita kuskuren ba. Babu "mu", babu "su". Irin "an fasa tulu" ɗin da yaro ke faɗa in ya dawo daga rijiya. Alƙalin nan na Indiya, Radhabinod Pal, wanda a kotun Tokiyo ya ce a sallami dukan waɗanda ake tuhuma, da ya ziyarci wurin a 1952 sai da ya yi ƙorafi a kai. Hukumar birnin ta ce 'yan Adam duka ake nufi.

Goggon Yara: Ni na raini yara tara, Malam. In yaro ya ce "an fasa", shi ya fasa.

Bakano a Kumasi: To a Hiroshima wane ne yaron, Hajiya?

Goggon Yara: Su biyu na aika rijiyar.

Malamin Tarihi: Ranar Litinin zan rubuta karin a allo da "taka", in sa yarinyar nan ta jero mini sunayen waɗanda ke ƙarƙashin ƙafar. Jika, in an yarda a gida, ki turo mini hoton gwangwanin.