Muhawara: Shin malamin wucin gadi ya cancanci biya daidai da na dindindin?

Mai gabatarwa: Iƙirarin da ke gabanmu shi ne, malamin da kwalejin gwamnati ke biya da awa ya kamata ya samu abin da na dindindin ke samu, gwargwadon aikin da ya yi.

Tsohon magatakarda: Ni dai ban yarda ba. Malamin dindindin yana zaman kwamiti, yana duba kundin binciken ɗalibai, yana tsara manhaja, alhali ɗayan da ya sauke darasi sai ya kama gabansa.

Malamar wucin gadi: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ai ba a bakin ƙofar aji aikin ke ƙarewa ba. Kowace awa a gaban allo tana cin wasu awoyi a gida wajen shirya darasi, da tsara tambayoyin jarrabawa, da bin tarin takardun amsa da jan biro har tsakar dare, amma takardar biya awar ajin kaɗai take ƙirgawa, lokacin hutu kuwa babu komai. Yarjejeniya ta 175 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1994, ta ce kada a rage wa ma'aikaci ƙimar ladansa don kawai awoyinsa ba su kai na cikakken ma'aikaci ba.

Lauya: Malama ta yi gaskiya, sai dai yarjejeniyar tana hawa kan ƙasashen da suka amince da ita ne kawai, kuma akan kewaye ta. A Ingila, a 1996, kwalejin Accrington da Rossendale ta sallami malamanta na wucin gadi, ta dawo da su ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata a kan kuɗi ƙasa da na da. Ɗaya daga cikin malaman, Debra Allonby, ta kai ƙara, amma a 2004 Kotun Tarayyar Turai ta ce ba za ta iya auna albashinta da na malamin kwalejin ba, tunda ba hukuma ɗaya ce ke yanka musu lada ba, duk da cewa a kwaleji ɗaya suke koyarwa.

Tsohon magatakarda: Ranka ya daɗe, kasafin kwaleji ba ya miƙewa. Idan aka tilasta daidaito, rage yawan malaman za a yi.

Malamar wucin gadi: To, Alhaji, a cire kuɗin zaman kwamiti, mun yarda. Amma a rubuta awoyin shiri da na duba jarrabawa a cikin kwantiragi, a biya su a kan ƙimar da ake biyan na dindindin.