Mai ƙaramar sana'a kamata, me zan samu a Cemba?

Ƴar Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni buɗe ido a kasuwa.

Shekara bakwai ke nan ina sana'ar man kaɗe da sabulun salo a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Gana. Man daga Tamale yake zuwa mini a manyan robobi, in narka shi, in tace da farin ƙyalle sau biyu har sai babu ko ɗigon ƙasa a gindin tukunya, sannan mu zuba a ƙananan kwalabe ni da ƴan mata uku. Kasuwata Kejetia da Alabar, sai masu jego da amare da ke turo saƙo ta WhatsApp su biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya.

Bara da na je Umara na tafi da kwalba ashirin. Wata Bahaushiya mai shago a Jidda ta gwada, yanzu katan ɗari take so. Amma ta ce kaya ba za su shiga ba sai da takardar shaidar asalin kaya mai hatimin Cemba. Wani ya karɓi sidi dubu biyu a hannuna kan zai gama mini komai. Yau sati shida wayarsa a kashe, kuma wallahi kuɗin adashina ne.

To mece ce Cembar nan? Ofishin gwamnati ce? Dole sai na zama mamba? Na girma ina jin cewa wurin masu kwat da manyan kamfanoni ne, shi ya sa ban taɓa tunkarar ƙofarsu ba.

Mai fiton kaya a Tema

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Daga yau kada ki ƙara ba kowa kuɗin takarda a bakin titi. Ki je da ƙafarki, ki biya, ki karɓi rasit.

Cemba ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Majalisa ce ta ƴan kasuwa da masu masana'antu, ita ce GNCCI, an kafa ta tun 1961. Hedikwatarta na Akra, tana da rassa a Kumasi, Tema, Takoradi da wasu garuruwa, don haka ba sai kin hau motar Akra ba. Aikinta da ya shafe ki kai tsaye shi ne takardar nan, wadda ke tabbatar wa kwastan na can cewa a Gana aka yi kayan. Ƙasashen Larabawa suna riƙe da ita sosai.

Sai dai ita ce kusan ta ƙarshe a jeri. Ki fara da rajistar sunan sana'a a ofishin rajistar kamfanoni. Tun 2021 lambar Ghana Card ita ce lambar harajinki, wannan ya rage wahala. Lasisin gudanar da sana'a kuma, tunda a Aboabo kike, asambilin Asokore Mampong ce ƙaramar hukumarki, ba KMA ta birnin Kumasi ba. Sai babbar magana, hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, domin man shafawa da sabulu a ƙarƙashinta suke. Za su duba samfur da lakabin jikin kwalba, da wurin da kike aikin. Ki fara gyara ɗakin tun yanzu, ki raba shi da madafin gida.

Takardar kaya daban, zama mamba daban. Mamba na biyan kuɗin shekara, a kira shi taron horo, a sanar da shi in baƙin ƴan kasuwa sun zo neman abokan hulɗa ko za a je baje koli.

Dattijo mai goro, Alabar

Ɗiyata, jikana ne ke rubuta mini wannan, ni ina faɗa.

Mu ma muna da tamu Cembar tun kafin a haifi kakanki, sunanta mai gida. Zamanin fataucin Gwanja, ayari ya taso daga Kano ya sauka Salaga, daga baya Kumasi, ba ya sauka ko'ina sai gidan mai gida. Shi zai ba baƙo masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba shi bashi. Na ga mahaifina da idona yana buɗe huhun goro a zaure, ya ɗaga ganyen, ya ɗauki ɗaya ya fasa da babban yatsa ya duba ko ƙwaro ya shiga. In ya ce goron nan lafiya yake, magana ta ƙare, mai saye a Legas ba zai ƙara tambaya ba. Bakinsa shi ne hatimi.

Amma ina yaro na ga ranar da baki bai isa ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin sati biyu. Mutanen da suka yi shekara talatin a Zango, da rumfa da gida da ƴaƴa, suka sayar da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci. Layinmu ya yi tsit. Amanarsu ba ta da aibi, takarda ce babu. Tun ranar na daina raina takarda.

Matar Jidda ta yarda da ke, amma ma'aikacin da zai buɗe katan ɗinki bai san ki ba, bai san Sarkin Zango ba. Ki nemi hatimin. Kuma abin da ke damuna, duk inda ake zama a yanke maganar kasuwar Kumasi da wuya ka ji muryar ɗan Zango, alhali goro, shanu, albasa da hatsi duk ta hannunmu suke bi.

Ɗan Suame Magazine

Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Amma Yaya, kada ki ɗora wa Cemba kayan da ba nata ba. Ba ta ba da jari, ba ta rage haraji, ba ta hana gobara. Ni kayan gyaran mota nake sayarwa. A 2022 da sidi ya faɗi, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba, sai ka sayar da abu da safe, da yamma kuɗin ba zai sayo maka irinsa ba. Waɗanda suka sa aka rufe shaguna a watan Oktoba har hukuma ta saurara, ƙungiyoyin ƴan kasuwa ne irin su GUTA. Mai rumfa ƙungiyar layinsa ce gatansa na yau da gobe. Cemba tata hanyar ta zama da minista ce da rubuta takarda, kuma da Turanci ake yawancin zaman, wanda ke korar iyayenmu mata da yawa.

Inda nake ganin amfaninta shi ne manyan abubuwan da rumfa ɗaya ba za ta iya turawa ba. Dubi tashar kan tudu ta Boankra kusa da Kumasi, shekara nawa ana maganarta. Ranar da ta fara aiki, kwantenata ba sai na bi ta har tashar jirgin ruwa ta Tema ba. Ga sakatariyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Akra, an fara ciniki ƙarƙashinta tun Janairun 2021, amma a layinmu mutum nawa ya san yadda zai ci moriyarta? Ke da kike shirin fitar da kaya, hanyarki ta bi ta can. Shawarata, kada ki shiga ke kaɗai. Ku haɗu ku masu man kaɗe, ku yi rajistar ƙungiya, ku samu mai jin Turanci a cikinku ta riƙa zuwa taro tana dawo muku da bayani da Hausa.

Ƴar Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, maganarka ta sa ni hawaye, domin kakata ta wajen uwa tana cikin waɗanda suka tafi a 1969, ba ta ƙara ganin Kumasi ba.

Jiya na je na fara rajistar sunan sana'a da kaina, rasit na cikin jakata. Na kuma yi wa magajiyar unguwarmu magana, ta ce za ta tara mu ranar Asabar bayan la'asar. Mu tara ne masu man kaɗe da sabulu tsakanin Aboabo da Asawase, ɗiyar ɗaya daga cikinmu ta gama karatun akanta. Matar Jidda ta ce za ta jira har bayan babbar sallah.

Malam na Tema, saura tambaya ɗaya. Lakabin kwalabena da Hausa da Turanci yake. In sa a ƙara Larabci kafin in kai wa FDA samfur, ko in bari sai sun gama dubawa?